Alhaji, ba lallai ta iska aka ji cinikinka ba

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mai sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Ya ce sun yi ciniki da dilansa na Legas ta waya, su biyu kaɗai, suka tsayar da farashi. Washegari sai ga wani maƙwabcinsa na kasuwa ya san kuɗin har sisin kwabo, ya kuma riga shi ɗauke kayan. Yana so ya sani ko ana iya sauraron kiran mutum. An kuma tsorata shi cewa in ya bar Bluetooth a kunne, ko ya hau Wi-Fi ɗin otal, za a iya kwashe masa kuɗin banki. Gaskiya ne? Kuma mene ne abin yi?

Alhaji, Allah ya mayar da alheri, ya sa iyakar asarar ke nan. Amsar a taƙaice ita ce e, ana iya sauraron kira. Sai dai na daɗe ina aikin turakun sadarwa, na hau ƙarfen sabis na sauka, na kuma zauna a ɗakin da ake kula da layukan mutane, kuma abin da na koya shi ne mutane suna tsoron ƙofar da ta fi wahalar ɓallewa, su bar wadda take a buɗe hanhai. Bari in bi da kai a hankali, domin in ka gane yadda abin yake aiki, kai da kanka za ka san wanda ya kamata ka tuhuma.

Wayar da ke aljihunka rediyo ce. Ba wani zare da ya haɗa ta da ƙarfen sabis ɗin unguwarku. In ka yi magana, watsa ta take yi ta kowace fuska kamar mai shela a kasuwa, duk wanda ke kusa kuma yake da eriyar da ta dace zai kama. Wannan matsala ta girmi kakanninmu. A 1903, a Landan, ana shirin nuna wa manyan baƙi na'urar Marconi mai aika saƙo ba waya, wadda aka yi ta kurarin cewa ba mai iya shiga tsakani, sai wani mai suna Nevil Maskelyne ya kafa tasa na'urar a nan kusa ya riƙa aiko da kalaman zolaya cikin zauren. Tun ranar aka san iska ta kowa ce. Abin da ya rage kawai shi ne a hargitsa saƙon kafin a sake shi, ta yadda wanda ya kama ba zai gane komai ba sai yana da mabuɗi. Saboda haka duk tambayarka ta koma kan abu biyu: ingancin kwaɗon, da kuma su wane ne ke riƙe da mabuɗin.

GSM ɗin da ya shigo Najeriya a 2001, wanda yanzu muke kira 2G, kwaɗonsa tsoho ne. Sunansa A5/1, an ƙirƙire shi tun 1987. A Disambar 2009 wani masani Bajamushe, Karsten Nohl, ya tsaya gaban taron masana kutse a Balin ya nuna yadda ake ɓalle shi, bayan shekara guda kuma aka nuna ana iya kama kiran da tsofaffin wayoyin Motorola masu arha da kwamfutar cinya. Akwai kuma wani raunin da ya fi wannan muni. A 2G, ƙarfen sabis yana tambayar wayarka ta tabbatar da ko ita wace ce, amma wayar ba ta tambayar ƙarfen ko shi wane ne. Duk wanda ya fi ƙarfin sigina a wurin, gare shi take tafiya, kamar akuyar da ta ji ƙarar dusa a kwano. Don haka mutum zai iya haɗa ƙarfen sabis na bogi da zai shiga jaka ko but ɗin mota, wayoyin da ke kewaye su hau kansa, ya ce musu su cire kwaɗon gaba ɗaya, su cire. A 2010 an nuna irin wannan na'ura a wani taro a Las Begas, an haɗa ta da kimanin dala 1,500.

An toshe wannan a 3G da 4G, inda kowa ke tantance kowa. To amma tsugune ba ta ƙare ba. Ka lura da saman wayarka wata rana: kana kan 4G, kira na shigowa sai ka ga ta koma H ko E, wato 3G ko 2G. Layuka da wayoyi da yawa har yanzu data kawai suke yi a 4G, in magana ta zo sai su gangara tsohuwar hanya. Mai na'urar bogi ma abin da yake yi ke nan, ya dagula 4G ɗin har wayar ta gaji ta sauko inda yake jira. Wayoyin Android da yawa daga na 12 zuwa sama suna da wurin kashe 2G baki ɗaya. In zamanka cikin birni ne ka kashe, amma ka tuna ka kunna in za ka ƙauye, don akwai wuraren da in ba 2G ba sabis.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, ko a 4G ɗin, kwaɗon daga wayarka zuwa ƙarfen sabis ya tsaya. Da maganar ta shiga cikin kamfani, a buɗe take ga na'urorinsa. Haka aka gina tsarin a ko'ina a duniya, kuma kowane kamfanin waya yana da ƙofar da hukuma ke bi ta saurari wanda ake zargi. A Najeriya sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci sirrin hirar tarho ƙarara cikin abubuwan da aka kare wa ɗan ƙasa, ƙa'idojin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, na 2019 kuma suka ce sai da izinin alƙali, in ban da wasu lokutan gaggawa. Wannan a takarda ke nan. Ƙofa kuwa, in dai an gina ta, ba ta san fuskar mai ita ba. A Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu suka kutsa cikin irin wannan ƙofa a kamfanin Vodafone suka yi watanni suna sauraron layuka kusan 100, ciki har da na firaminista Kostas Karamanlis da ministocinsa.

Akwai kuma hanyar da kamfanonin duniya ke magana da junansu, wadda ke sa in ka sauka Jidda layinka na gida ya ci gaba da aiki. Ana kiranta SS7, an tsara ta tun shekarun 1970, lokacin da kamfanonin tarho ƙalilan ne kuma duk sun san juna, don haka ba a sa mata mai gadi ba. Wanda ya samu shiga zai iya tambayar inda lamba take, ko ya karkatar da saƙonninta, yana zaune a wata nahiyar. A 2017 aka bi ta nan aka kwashe asusun wasu mutane a Jamus, ta hanyar tare saƙon tes mai ɗauke da lambar tabbatarwa ta banki. A Disambar 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta fitar da rahoto kan kamfanin Circles mai sayar da irin wannan damar ga gwamnatoci, ta lissafa ƙasashe 25 da take kyautata zaton abokan cinikinsa ne, kuma Najeriya na ciki.

To Alhaji, duk na faɗa maka waɗannan ne don kada ka ce na raina tsoronka. Amma ka duba su wa aka yi wa: firaminista, 'yan siyasa, 'yan jarida, ko kuma gungun ɓarayi masu jari da ke farautar ɗaruruwan asusu a lokaci guda. Maƙwabcinka na Kwari ya yi hayar irin waɗannan kayan saboda dila goma na shadda? Zai yi wuya ƙwarai. Kuɗin aikin sai ya cinye ribar. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a shekarun da na yi ana kawo mini irin wannan ƙorafi, kusan kullum a kusa ake samun bakin zaren.

Ga misali ɗaya da na gani da idona. Wani dattijo ya kawo mini wayarsa, ya rantse ana sauraronsa, don duk abin da ya tattauna da lauyansa kan wani fili sai ya ji shi a bakin 'yan'uwansa. Na duba wayar sama da ƙasa ban ga komai ba. Muna tsaye a ƙofar gidansa sai kira ya shigo, ya ɗaga, yana ta "halo, halo, ba na ji", ni kuwa ina jin muryar mai kiran tana fitowa raɗau daga cikin motarsa da ke fake a rumfa, direba na zaune ciki ya kunna ta yana shan sanyi. Wayar ta saba da Bluetooth ɗin motar, duk lokacin da aka tayar da ita kuma yana kusa, can kiran yake tafiya. Wani lokacin dattijon yakan leƙa ta taga ya ƙarasa maganar a haka. Ba kutse, ba na'ura, direba ne kawai mai kunne biyu da baki ɗaya. Af, in za ka sayar da mota ko ka mayar da ta haya, ka goge wayarka daga rediyonta, don takan kwafi lambobin mutanenka da jerin kiran da ka yi ta adana.

Na biyu, wanda ya fi yawa yanzu, WhatsApp ne. Shi kansa kwaɗonsa mai kyau ne. Tun Afrilun 2016 saƙo da kira duk a kulle suke daga wayarka har wayar wanda kake magana da shi, kamfanin layi ba ya ji, mai ƙarfen bogi ba ya ji, mai Wi-Fi ba ya ji. Don haka in maganar kuɗi ce ko ta sirri, kiran WhatsApp ko na manhajar Signal mai kama da ita ya fi kiran layi aminci nesa ba kusa ba. Sai dai manhajar tana ba da damar a haɗa asusu ɗaya da wasu na'urori har huɗu. Yaron shago da ka miƙa wa waya ya duba maka alat, minti ɗaya ya ishe shi ya haɗa asusunka da tasa wayar, daga nan duk saƙon da ya shigo, har na murya, yana gani yana ji. Mu kuwa 'yan kasuwarmu rabin cinikinsu da saƙon murya suke yi. Ka buɗe WhatsApp yanzu, ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka shiga inda aka rubuta "Linked devices". Duk abin da ka gani wanda ba kai ka sa ba, ka fitar da shi. Ka kuma duba ko ainihin WhatsApp ne a wayar, don akwai jabunsa irin su GBWhatsApp da yara ke tura wa juna ta Xender saboda yana nuna saƙon da aka goge. Ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu, kuma alƙawarin kwaɗon nan bai shafe su ba.

Sannan kada ka manta da ɗaya bakin. Wayoyi da yawa da ke hannun mutane suna naɗar kira da kansu in an saita su. Dilanka zai iya naɗa ya tura, ko yaronsa ya tura, ko kuma shi dilan ya kira maƙwabcin naka ya ce ga abin da Alhaji ya taya, in za ka ƙara ka ɗauka. Wannan ba fasahar da ke maganinsa. Kuma ka yi mini afuwa, na san rumfunan Kwari: katako ne ko labule tsakaninka da na kusa, mu kuma in muna magana da Legas sai mu ɗaga murya kamar babu waya a tsakani.

Tun da muna nan, bari in kashe wasu jita-jita. Ƙara ko amsa-kuwwa a cikin kira ba alamar ana sauraronka ba ce. Wannan zancen zamanin tarho mai igiya ne. Yanzu kwafin maganar ake ɗauka a cikin na'ura, ba ya motsi ba ya tari. Haka lambobin nan da ake yaɗawa, wai ka danna *#21# ko *#62# ka ga mai bibiyarka. Abin da suke nunawa kawai shi ne ko an saita layinka ya tura kira zuwa wata lamba. Mutane da yawa sukan danna *#62# su ga baƙuwar lamba hankalinsu ya tashi, alhali galibi lambar akwatin saƙon murya ce ta kamfanin. Duk da haka duba ɗin yana da amfani, don wanda ya riƙe wayarka zai iya karkatar da kiranka zuwa tasa. In kana shakka ka danna ##002#, zai soke duk wata karkatarwa. Masu shekaru za su tuna 2011, lokacin da aka yi ta yaɗa cewa akwai lambar da in ka ɗaga kiranta sai ka mutu, har sai da NCC ta fito ta ƙaryata. Irin wannan tsoron ne ke ɗauke hankalin mutane daga inda ɓarnar take.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka duka, don nan ne kuɗi ke tafiya. Lambar wayarka ta daina zama lambar waya kawai. Tun da aka kawo BVN a 2014, aka kuma tilasta haɗa layi da NIN daga Disambar 2020, ɗan katin nan da bai kai farce ba ya zama mabuɗin asusunka, da WhatsApp ɗinka, da imel ɗinka, da shaidarka ta ɗan ƙasa. Banki bai san fuskarka ba in kana tiransifa. Layin ya sani. Duk wanda ke riƙe da layin, a wurin banki kai ne.

Ka ɗauka an zare maka waya a adaidaita sahu tsakanin Kwari da Ƙofar Nasarawa. Kai kana jimamin wayar dubu ɗari uku, kana cewa ai akwai zanen yatsa ba za su iya buɗewa ba. Shi kuwa ɓarawon bai damu da buɗe ta ba. Tsinke yake nema ya zaro layin, ya sa a 'yar ƙaramar waya mai madannai. Daga nan alat na farko da ya shigo ya gaya masa bankinka. Akwai lambar da ake dannawa ta nuna BVN ɗin da ke kan layi. Zai gwada sayen kati daga asusunka, zai gwada sake lambar sirri, zai gwada cin bashi da sunanka a manhajojin bashi, duk lambar tabbatarwa da aka aiko kuma hannunsa take faɗawa. Kafin ka gama Magariba ka fara tunanin zuwa ofishin kamfani gobe da safe, an yi nisa. Na ga mai kayan miya da ta rasa jarinta kaf a dare ɗaya a haka, wayar da aka sace mata kuwa ko dubu goma ba ta kai ba.

Maganin wannan kyauta ne, kuma mutum ɗaya cikin da yawa ne ya yi shi: sa wa layin kansa lambar sirri, daban da ta buɗe waya. Yana cikin saitin tsaro, wurin kulle SIM. In ka kunna, duk lokacin da aka kashe wayar ko aka mayar da layin wata, ba zai kama sabis ba sai an sa lambar. Amma a yi hattara. Zai fara tambayarka lambar da layin ya zo da ita daga kamfani, in ka yi kuskure sau uku zai kulle sai da PUK, mai lamba takwas da ke jikin katin da ka ɓallo layin daga ciki. In aka yi kuskuren PUK sau goma layin ya mutu. Don haka kar ka yi ta cinke. Ka tambayi kamfaninka lambar farko, ka nemo PUK ɗinka ka rubuta ka ajiye a gida, sannan ka canja zuwa lambar da ba shekarar haihuwarka ba. Ka kuma tambayi bankinka lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu nan take, ka rubuta ta a takarda ka sa a aljihun da ba na waya ba. Ni shawarata ga duk mai juya kuɗi masu nauyi, ya ware layi guda na banki kawai, wanda ba ya kan allon shago, ba a ba kowa, yana gida a kulle.

Akwai kuma satar layi ba tare da an taɓa wayarka ba, wato wani ya je ya yi walkam bak da sunanka, ko da takardun bogi ko da haɗin bakin wani ma'aikaci. Wannan har shugaban Twitter na lokacin, Jack Dorsey, an yi wa a Agustan 2019. Alamarsa ɗaya ce: sabis ɗinka ya ɗauke ɗif alhali na kusa da kai mai irin layinka yana da shi, ka kashe ka kunna bai dawo ba. Kada ka ce bari zuwa anjima. Ka ari waya ka rufe asusu tukuna, sannan ka nufi ofishin kamfani. In ba su saurare ka ba, 622 ita ce lambar kai ƙara ta NCC. Haka kuma layin da ka yasar ya yi watanni ba a amfani da shi, kamfani na sake sayar da shi ga wani. In har yanzu yana maƙale da tsohon asusunka, baƙo ne zai riƙa karɓar alat ɗinka.

Sai 'yan kira. "Salamu alaikum, daga ƙungiyar 'yan kasuwa ne, za mu yi taro ta intanet da daddare, mun turo maka lamba shida, karanto mana mu sa ka a ciki." Lambar nan ta WhatsApp ɗinka ce. Kana karantawa ya tafi, sai a fara bin mutanenka ana cewa Alhaji ya shiga matsala a tura dubu hamsin. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a cikin saitin WhatsApp, ko an karɓi lamba shidan sai an nemi wata da kai kaɗai ka sani. Kuma sunan banki da ka gani a saman saƙon tes ba hujja ba ce, ana iya ƙirƙirarsa, har ya faɗo cikin jerin saƙonnin bankin na gaskiya. Alat ɗin bogi da ake cutar 'yan kasuwa da shi ta nan yake zuwa. Kar kaya su bar shago sai ka ga kuɗin a cikin manhajar banki.

Batun Wi-Fi ɗin otal, an ɗan zuzuta maka. A da gaskiya ne. A 2010 wani ya saki 'yar manhaja mai suna Firesheep wadda ke ba kowa damar shiga Facebook ɗin duk wanda suke kan Wi-Fi ɗaya da shi, da dannawa ɗaya. Wannan abin kunya ne ya tura manyan shafuka suka kulle hanyoyinsu, yau kuma manhajar banki da kusan duk shafin kirki suna hargitsa bayanansu tun daga wayarka. Mai Wi-Fi zai iya sanin ka shiga banki kaza, amma ba ya ganin lambar sirrinka. Haɗarin da ya rage shi ne na bogi: wani ya buɗe Wi-Fi da sunan otal ɗin ko filin jirgi, ka hau, ya nuno maka shafi ya ce sa imel da kalmar sirrinka kafin ka samu intanet. Wi-Fi na gaskiya ba ruwansa da kalmar sirrin imel ɗinka ko Facebook. Haka in waya ta yi gargaɗi cewa shafin nan ba amintacce ba ne, ko aka ce sai ka sauke wata manhaja, ka sauka kawai. Ni dai in zan taɓa kuɗi a wajen gida, datata nake kunnawa.

Wanda ya fi damuna shi ne na shagonka. 'Yar na'urar Wi-Fi da yara ke sawa, kalmar sirrinta na rubuce a bayanta ko ƙarƙashin batir, shafin saitinta kuma sau da yawa "admin" ne suna "admin" ne mabuɗi. Ga kyamarorin tsaro masu arha da ake haɗawa da waya, wasu har da makirufo, mai sakawa ya tafi da kalmar sirrin a kansa, ko ya bar ta yadda ta zo daga masana'anta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan irin waɗannan kyamarori da na'urori a duniya da jerin kalmomin sirri kusan 60 kacal na masana'anta. In akwai kyamara a rumfarka, ka tambayi kanka wayoyi nawa ne ke iya kallonta, kuma ko yaron da ka sallama bara yana cikinsu. Ka canja kalmomin duka, ka tabbata a saitinsa kwaɗon Wi-Fi ɗin yana kan WPA2 ko WPA3.

Bluetooth kuwa, tazararsa kamar taku goma zuwa goma sha biyar ce a yawancin wayoyi. An taɓa samun manyan ramuka a cikinsa, irin wanda aka sa wa suna BlueBorne a 2017, aka kuma toshe su ta sabuntawar da kamfanoni ke turowa. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai tsohuwar wayar da ta daina samun sabuntawa, ko mai danna "anjima" kullum don tsoron cin data. Amma a ce an bi ta Bluetooth an kwashe asusun ɗan kasuwa a cikin kasuwa, ban taɓa cin karo da shi ba. Ka kashe in ba ka amfani da shi, kar ka karɓi haɗin da ba ka nema ba, shi ke nan. Mai cajin waya da mai tura fina-finai da mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre da ka bar wa waya a buɗe ka tafi salla, sun fi Bluetooth dama a kanka sau ɗari.

Abu ɗaya ne ba ni da maganinsa, kuma gara in faɗa maka. Muddin wayarka na kunne, kamfani ya san yankin da kake, don in bai sani ba kira ba zai same ka ba. Yana rubuta wa ka kira, ƙarfe nawa, minti nawa, daga wane ƙarfen sabis, da lambar jikin wayar mai lamba 15 da za ka gani in ka danna *#06#. Shi ya sa canja layi a waya ɗaya ba ya ɓatar da sawu. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni adana irin waɗannan bayanai na shekara biyu. Wani ɗan siyasar Jamus, Malte Spitz, ya taɓa kai kamfanin layinsa kotu ya karɓo nasa na wata shida, bayanai sama da 35,000, jaridar Die Zeit ta ɗora su kan taswira a 2011, sai ga rayuwarsa a shimfiɗe: inda yake kwana, jirgin ƙasan da ya hau, lokacin da yake barci. Ba a ji kalma ɗaya daga bakinsa ba, amma an san shi sarai. Ga ɗan kasuwa, jerin waɗanda yake kira ma sirri ne, don a ciki dilolinsa suke. Masu cewa su ba da kuɗi a ciro musu jerin kiran wani, ko miji ya sa wa matarsa manhajar leƙen asiri, su sani laifi ne a doka, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta riga doka hanawa.

Game da cinikinka, ga yadda zan yi in ni ne. Ka fara da duba na'urorin da ke haɗe da WhatsApp, da motar, da kyamarar shago, ka danna ##002#. Sannan ka haɗa baki da wani amintaccenka a wani garin, ku shirya cinikin da babu shi. Ka kira shi ta layi kana ɗaki kai kaɗai a gida, ku ambaci wani farashi. Bayan kwana biyu ka tura masa saƙon murya ta WhatsApp da wani farashin daban. Bayan wasu kwana biyun ka kira shi daga rumfa, yara na nan, da farashi na uku. Ka rubuta wanne ka faɗa a ina, ka zuba ido ka ga wanne zai dawo maka daga bakin kasuwa. In makonni suka wuce ba ko ɗaya da ya fito, to ka sake duban dilan naka na Legas.